Tashar nukiliya mai shekara 60: ta yaya ake sanin ƙarfenta bai gaji ba?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ni mai walda ne a Jekadafari, cikin garin Gombe. Na ji a rediyo wai a Amurka ana ƙara wa tsofaffin tashoshin lantarki na nukiliya wa'adi har su kai shekara 80 suna aiki. Abin ya ɗaure min kai, domin mu da muke aikin ƙarfe mun san walda ba ta dawwama. To su ta yaya suke sanin ƙarfen bai gaji ba, tunda an ce mutum ba ya iya shiga wurin? Kuma in aka gina irinta a Najeriya, za mu iya wannan sa-idon kuwa? Daga Habu mai walda, Gombe.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam Habu. Abin da ka ji haka yake. A Amurka lasisin farko na shekara 40 ne, ana iya ƙara 20, kuma a Disamban 2019 tashar Turkey Point da ke jihar Florida ta zama ta farko da aka amince ta kai 80. Sai dai izini ne aka bayar, har yau babu tashar da ta kai waɗannan shekarun. Mafi tsufa da ke aiki, irin su Beznau ta ƙasar Suwizalan, a 1969 suka fara. Shi kansa adadin 40 ɗin ba auna ƙarfe aka yi aka yanke shi ba. Lissafin kuɗi ne da dokokin kasuwa suka kawo shi, sannan injiniyoyi suka tsara wasu kayan daidai da shi.

Tashar da ake cewa ta shekara 50, mafi yawan kayan cikinta ba su kai haka ba. Famfuna, bawul-bawul, injin tururi, na'urorin ɗakin sarrafawa, duk ana sauya su. Har manyan tukwanen da ke samar da tururi, masu nauyin ɗaruruwan tan, ana fitar da su a sa sababbi. Haka aka yi a Koeberg ta Afirka ta Kudu, wadda ita kaɗai ce tashar lantarkin nukiliya da ke aiki a nahiyarmu, kafin a 2024 a ƙara wa rukuninta na farko shekara 20, zuwa 2044. Abubuwan da ba sa sauyuwa su ne ke yanke wa tasha ajali: babbar tukunyar da makamashin ke ciki, da ginin kankaren da ya lulluɓe ta, sai kuma wayoyin lantarki da yawansu da wuraren da suka bi suka sa sauya su duka ya zama jan aiki.

Uwa uba ita ce tukunyar. A irin tashar da ta fi yawa a duniya, mai aiki da matsattsen ruwa, tsayinta yakan kai mita 12, kaurin bangonta kusan santimita 20, nauyinta tan 300 zuwa sama. Ruwan cikinta yana kan zafin digiri 300, an matse shi ninki 150 na matsin iskar da muke shaƙa don kada ya tafasa. Cikinta an yi masa shafen sitenles da walda saboda tsatsa. Abin da ke damunta ba tsatsa ba ne. Dare da rana ƙwayoyin niyutiron da ke fitowa daga makamashin suna ratsa bangon, suna ture ƙwayoyin zarra na ƙarfen daga mazauninsu. A hankali ƙarfen yana ƙara tauri, danƙonsa yana raguwa, gautsi yana shigarsa. Ka san bokitin roba da ya shekara a rana: launinsa kawai ya ɗan koɗe, yana ɗaukar ruwa lafiya lau, amma ranar da ya faɗi ba lotsewa zai yi ba, fashewa zai yi. Ido ba ya ganin wannan ciwon a jikin ƙarfe.

Ga yadda masana suke auna shi. Kowane ƙarfe irin wannan yana da wani matakin sanyi da in ya sauka ƙasa da shi yake daina lanƙwasuwa ya koma karyewa. A sabuwar tukunya mai kyau matakin yana ƙasa da inda ruwa ke daskarewa. Niyutiron yana ta tura shi sama shekara bayan shekara, har a wasu tsofaffin tukwane ya haura digiri 100. Muddin tukunya tana kan 300 ɗinta, babu damuwa. Ranar tsoro ita ce ranar da wani bututu ya fashe, na'urorin gaggawa suka kwararo ruwan sanyi a kan bango mai zafi alhali matsin bai sauka ba. In akwai ɗan tsaga a ɓoye, kuma ƙarfen ya yi gautsi, a ranar ne zai iya gudu. Shi ya sa hukumar nukiliya ta Amurka, NRC, ta ja layi: digiri 132 ga farantan bango da waldar tsaye, 149 ga waldar da ta zagaye tukunya. Tashar da lissafinta ya nuna za ta ƙetare layin, sai ta kawo hujja ko ta kawo gyara.

A nan ne sana'arka ta shigo labarin. Inda gautsi ya fi kamawa a tsofaffin tukwane shi ne layin walda, kuma babban mai laifi jan ƙarfe ne. A shekarun 1960 wayar waldar da aka yi amfani da ita tana da shafen jan ƙarfe don kada ta yi tsatsa a sito, irin shafen da kake gani a wayar naɗi har yau. Shafen ya narke ya shiga cikin waldar, a wasu wuraren har kusan kashi 0.3 cikin 100. Ɗan wannan ya isa. Niyutiron yana tattara jan ƙarfen ya zama ƙananan dunƙule a cikin ƙarfe, su kuma su hana shi miƙewa, nikel da fosforas suna taya su. Sai a farkon shekarun 1970 aka gane haka aka taƙaita shi. Saboda haka tukwane biyu sa'o'in juna, ɗaya tana iya zama garau ɗayar tana dab da layi, bambancinsu kawai wayar da mai walda ya ɗauko daga sito.

To ta yaya ake sani, tunda ba a yankar bangon? Tun ranar ƙera tukunya ake ajiye yanki-yanki na farantinta da na waldarta, daga narki ɗaya, a yanka su ƙanana a zuba cikin kwansunan ƙarfe rufaffu, shida ko takwas a wasu tukwanen, a rataye su a ciki tsakanin makamashin da bango. Da yake sun fi bangon kusa da makamashin, sun fi shi shan niyutiron, sai su riga shi tsufa. Kwanson da ya shekara 10 a ciki yana iya nuna halin da bangon zai shiga a shekara 20 ko 30. Lokaci-lokaci, idan an tsayar da tasha don sauya makamashi, sai a ciro ɗaya a ƙarƙashin ruwa a kai shi ɗakin gwaji mai kaurin bango, inda ma'aikaci ke tsaye bayan gilashi mai dalma yana aiki da hannuwan inji.

Gwajin kansa, wanda ake kira gwajin Charpy, da ka gan shi za ka ce ai wannan aikin maƙera ne. Sandar ƙarfe ce tsawon milimita 55, faɗi 10, kauri 10, an yi mata 'yar tsaga mai zurfin milimita 2 a tsakiya. A sanyaya ta ko a ɗumama ta zuwa digirin da ake so, a kwantar da ita, a saki guduma mai lilo ta doke ta ta bayan tsagar. Iya tashin da gudumar ta yi bayan ta karya sandar shi ke nuna ƙarfin da sandar ta shanye. Sai a dubi bakin karayar. Mai danƙo bakinta dishi-dishi ne, a yage, gefenta ya kumbura. Mai gautsi kuwa shafal take karyewa, bakin yana ƙyalli kamar an watsa masa gishiri. A karya goma sha wani abu a digiri daban-daban, a zana sakamakon, a kwatanta da na 'yan'uwansu da ba su taɓa shiga tukunya ba. Tazarar da ke tsakani ita ce tsufan. A cikin kwanson akwai kuma 'yan wayoyi da ke nuna yawan niyutiron da ya ratsa, da wasu gutattsarin ƙarfe masu narkewa a sanannen zafi, don a tabbatar kwanson bai yi zafi fiye da kima ba.

Ban da wannan, duk shekara 10 ana zura na'ura mai hannu cikin tukunyar ta bi layukan walda da sautin da kunne ba ya ji, fasahar da ake sikanin ciki da ita a asibiti, tana neman tsaga.

In an ga gautsi yana gudu, akwai dabaru. Ana jera makamashin da ya riga ya ci rabi a gefe don rage niyutiron da ke isa bango. Ana ɗumama ruwan gaggawa tun yana tanki. Rasha kuma ta ƙware a gashi: a kwashe komai, a zura na'urar zafi, a riƙe layin waldar a kusan digiri 475 na kimanin kwana shida, ƙarfen ya dawo da mafi yawan danƙonsa. An fara a Novovoronezh a 1987, an yi wa Loviisa ta ƙasar Finlan a 1996, kuma ita Loviisa yanzu tana da izinin aiki har 2050. Wani lokaci kuma lissafi ba ya fita. Yankee Rowe ta Amurka an rufe ta ɗungurungum a 1992, bayan tambayoyi kan gautsin tukunyarta sun yi yawa kuma kuɗin amsa su ya fi ƙarfin ƙaramar tasha.

Yanzu ga abin da ni na fi ba muhimmanci. Tukunyar da kowa ke tsoro ba ta taɓa fashewa saboda gautsi a tashar lantarki irin wannan ba, domin ido yana kanta. Ɓarnar da tsufa ya yi, daga wuraren da ba a duba ba ta fito.

Dubi tashar Davis-Besse a jihar Ohio ta Amurka. Murfin tukunya yana da bututu da dama da sandunan sarrafa wuta ke bi ta ciki, an yi su da wani gamin nikel da ake kira Alloy 600, wanda daga baya aka gane yana tsagewa in zafi da ɗaurewar walda suka haɗu masa. Ɗaya ya tsage, ruwa mai asid ɗin borik ya riƙa ɗiga a kan murfin ta waje, shekara da shekaru. Alamu sun yi ta magana: ɓawon farin gishiri da jan tsatsa yana taruwa a kan murfin, matatun iska na cikin ginin suna toshewa da ƙurar tsatsa akai-akai fiye da da. Aka yi ta sauya matata, ba a tambayi daga ina tsatsar take ba. A 2001 hukuma ta nemi irin waɗannan tashoshi su duba kafin ƙarshen shekara, kamfanin ya nemi a ɗaga masa zuwa Fabrairu, aka ɗaga. Da aka buɗe a Maris 2002, sai ga rami ya cinye kusan santimita 15 na ƙarfen murfin gaba ɗaya. Abin da ya rage yana tare wannan matsin shi ne shafen sitenles da bai kai santimita 1 ba, shi ma ya fara kumbura. Tashar ta yi shekara biyu a rufe.

Na Mihama a Japan ya fi ban takaici, domin an rasa rayuka. A 9 ga Agustan 2004 wani bututun baƙin ƙarfe ya fashe a ɗakin injin tururi, ruwa mai zafin kusan digiri 140 ya feso kan ma'aikatan da ke shirin aikin duba tashar, ana sauran 'yan kwanaki a tsayar da ita. Mutum biyar suka rasu. Babu ruwan nukiliya a wannan ɓangaren, bututu ne irin na kowace masana'anta. Ruwa mai gudu ne ya yi ta wanke ɓawon da ke kare cikin bututun, a bayan wata na'urar auna gudu inda ruwan ke birkicewa, har kaurin milimita 10 ya koma ƙasa da 1 a wani wurin. Auna kauri da na'urar sauti aikin 'yan mintoci ne. Amma wurin ya kuɓuce daga jerin wuraren dubawa, tun fara aikin wannan rukuni na tashar a 1976 ba a taɓa ɗora masa na'ura ba. Kuma ba sabon ciwo ba ne, don irinsa ya kashe mutum huɗu a tashar Surry ta Amurka tun 1986.

Wani lokacin kuma sabuwar na'ura ce ke tono tsohon abu. A 2012 aka duba tukwanen Doel 3 da Tihange 2 na Beljiyam da na'urar da ta fi ta da gani, aka tarar da dubban ƙananan tsage a cikin naman ƙarfen. Bincike ya nuna tun wurin ƙira suka samu, iskar haidurojin ce ta maƙale lokacin da ƙarfen ke hucewa. Sai a ƙarshen 2015 aka ba da izinin ci gaba na ƙarshe, bayan dogon gwaji da muhawara. Da akwai cikakken hoton ranar farko da irin wannan na'urar, da rabin gardamar ba ta taso ba. Faransa kuwa, a duban shekara goma-goma na tashar Civaux a ƙarshen 2021, ta ga tsaga kusa da walda a bututun ruwan gaggawa, inda ba wanda ya zata. Civaux tana cikin sababbin tashoshin ƙasar, kuma mafi tsufan su ne abin ya fi ragawa. Aka tsayar da rukunai da dama, aka yanke bututu aka sake walda, wutar nukiliyar Faransa ta faɗi zuwa mafi ƙanƙanta cikin sama da shekara 30, har a 2022 ƙasar ta sayi wuta daga waje fiye da wadda ta sayar. Sun sha asara mai yawa, amma ni a wurina wannan shi ne tsarin da ke aiki: an gani kafin ya fashe, kuma da aka gani a wuri ɗaya an je an duba duk 'yan'uwansa.

Kankare ba zan daɗe a kansa ba. Ciwonsa biyu ne sanannu. Gishirin iskar teku yana ratsawa ya sa rodi tsatsa, abin da Koeberg ke fama da shi. Akwai kuma tsakuwar da ba ta jituwa da siminti, in danshi ya shiga sai ta haifar da wani abu mai kumbura ya tsattsaga ginin daga ciki, kamar yadda aka gano a Seabrook ta Amurka. Ana huda a ciro samfuri, ana auna faɗin tsaga, ana gwada ɗaurin igiyoyin ƙarfen da suka matse ginin, kuma lokaci-lokaci ana hura wa ginin iska gaba ɗaya a ga ko yana yoyo. Wayoyi kuwa robar jikinsu ce ke bushewa da zafi. Ana ajiye guntaye a wurare mafi zafi, a ciro a ja su a ga iya miƙewarsu kafin su tsinke, kuma da yawa suna ɗaukar miƙewar kashi 50 cikin 100 a matsayin iyaka.

Zancen shekara 80 yana da nasa ƙalubalen. An ƙidaya kwansunan gwaji ne da shekara 40 a rai, don haka wasu tashoshin sun kusa cinye nasu. Ana jinkirta ciro na ƙarshe, ana mayar da waɗanda aka gwada cikin sabon kwanso, ana kuma yanko ƙarfe daga tashoshin da aka rufe, irin Zion ta Amurka da Zorita ta Sifen, don a gwada lissafi da ainihin abin da ya tsufa a bakin aiki.

Sai tambayarka ta biyu. Najeriya ba ta da tashar lantarkin nukiliya. Abin da muke da shi ƙaramar na'urar bincike ce mai kimanin kilowat 30 a cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, tana aiki tun 2004, an kuma sauya mata makamashi zuwa mai ƙarancin tacewa a 2018. Ka kwatanta da megawat 40 na Dadin Kowa ka ga ƙanƙantarta. An ambaci Geregu a Kogi da Itu a Akwa Ibom a matsayin wuraren gini, an sa hannu a yarjejeniya da kamfanin Rosatom na Rasha a 2017, amma ba a aza tubali ba. Akwai hukumar sa ido, NNRA, da ke aiki tun 2001.

Hannu da kai ba su ne matsalarmu ba. Masu gwajin walda 'yan Najeriya suna wannan aikin a bututun mai da gas kullum. Inda nake jin tsoro wuri biyu ne. Na farko takarda. Kowace walda a irin wannan tasha tana da fayil: wa ya yi ta, da wace waya, daga wane narki, a wane zafi, me hoto ya nuna. Fayil ɗin nan dole ya rayu shekara 60 ko 80, ya wuce wanda ya rubuta shi da wanda ya gaje shi, kuma duk wanda ya taɓa neman zanen wani tsohon ginin gwamnati ya san halinmu a nan. Na biyu, hukumar da za ta iya cewa a kashe tasha ana tsakiyar zafin Afrilu, gari ya shiga duhu, saboda tsagar da ba wanda ya gani sai na'ura, kuma maganarta ta zauna ko waye ya bugo waya. A Davis-Besse, ƙasar da ta fi kowa yawan tashoshi ce ta sassauta na 'yan makonni. Ranar da aka zo mana da maganar gini, waɗannan biyun zan fara tambaya kafin farashi.

Kai kuma, Malam Habu, akwai gwajin da ake yi a waɗannan tashoshin da za ka iya yi a shagonka gobe, musamman a tankuna da duk abin da zai ɗauki matsi. Gwangwanaye uku ne na feshi: mai wankewa, jan ruwa mai ratsawa, da farin hoda. Ka kankare waldar ka wanke ta ta bushe, ka fesa jan ka bar shi kamar minti goma, ka goge saman da tsumman da ka ɗan jiƙa da mai wankewar, kada ka fesa shi kai tsaye don zai wanke abin da ya shiga tsagar. Sannan ka fesa farin sama-sama ka jira. Duk inda tsaga ko ƙofar iska ta buɗe a saman waldar, jan zai tsotso ya fito a kan farin. Ba ya ganin abin da ke binne a ciki, wannan sai na'urar sauti ko hoto. In kana da yaro mai kai a shagon, aikin gwajin yana da shaidar ƙwarewa ta duniya, ISO 9712, mataki uku, kuma da wannan gwajin na feshi mutane da yawa suke farawa.